Yaya ake girki da su gyaɗa da ɗanyen ganye ba tare da ƙamshin ya gudu ba?

Maman_Iman:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin girki ku taimaka min da shawara. Ni dai so nake in ɗan canza hannu a girkin yau da kullum, don na lura komai na dafa ɗanɗanon kusan ɗaya yake fitowa, shinkafa ce, taliya ce, dankali ne, duk dai ɗanɗanon dunƙulen nan ne a gaba, gashi kuma ina dawowa daga aiki a gajiye, bani da ƙarfin tsayuwar awa biyu a kicin. To ina yawan ganin ana maganar girki da su gyaɗa, kashu, almon, walnot da ɗanyen ganye irin su na'a-na'a, ɗoɗɗoya, fasili da koriyanda, wai abu kaɗan za ki sa amma abinci ya fita daban.

Abin da ke damuna shi ne in na zuba ganyen a tukunya, lokacin da yake dahuwa gidan gaba ɗaya sai ya ɗau ƙamshi har maƙota su ji, amma da an zuba a faranti shikenan babu komai sai wani baƙin ganye da ya yi laƙwas, yara ma tsince shi suke yi suna turewa gefe. Kashun kuma sai ya jiƙe ya yi laushi, babu garɗin nan da ake ci don shi. Ragowar ganyen kuwa ko daɗewa bai yi a firji ba sai ki ga ya fara ruwa yana baƙi, in zubar, wlh abin yana min ciwo don bana son almubazzaranci.

Shin wane lokaci ake zubawa? Wane ganye ne yake tafiya da wace irin gyaɗa? Kuma ya ake adana su? Ni dai abin da nake da shi kasko ne da ɗan turmi da blanda, obin ɗina bai cika ba ni haɗin kai ba. Nagode, Allah ya bar zumunci.

Hajiya_Uwargida:

Wa alaikumus salam ƴata. Kin ga ƙamshin nan da kika ce yana cika gida? To shi ne wanda ya kamata ya zauna a cikin abincin, zafi ya kore shi ya bi tururi. Ƙamshin ganye wani ɗan mai ne a jikin ganyen wanda baya jure wuta, kina tafasa shi yana tashi, shi ya sa hanci yake morewa harshe ya tashi a tutar babu.

Ganyen girki iri biyu ne, ki riƙe wannan kawai ya ishe ki. Akwai masu taurin jiki da ɗan itace a karan su, irin su tayim da rozmari, waɗannan su ake sawa tun farko tare da albasa a cikin mai, don sai sun sha wuta suke sakin abin da ke cikin su. Akwai kuma masu laushi, ɗoɗɗoya, na'a-na'a, fasili, koriyanda, ganyen albasa, waɗannan sai kin kashe wuta, ko ma sai kin zuba abinci a faranti sannan ki watsa a kai. Zafin abincin kaɗai ya isa ya tada ƙamshin. In kina jin ba ki so ki yi asarar karan fasili da na koriyanda, yanka su ƙanana ki soya tare da albasa, su suna jure wuta kuma ɗanɗanon su ya fi na ganyen ƙarfi ma, ganyen kuma ki ajiye shi sai ƙarshe. Sannan ki wanke ganyen tun da wuri ki baza shi a kan tsumma mai tsafta ya tsane sarai kafin ki sa masa wuƙa, jiƙaƙƙen ganye in aka yanka shi caɓewa yake yi. Wuƙar ma ta zama mai kaifi, ki yanka sau ɗaya ki wuce, in kika ga katakon yanka ya yi kore shar to ƙamshin can kika bar shi.

Yanzu maganar gyaɗa da ƴan uwanta. Duk wadda za ki yi amfani da ita, ki fara gasa ta ita kaɗai a busasshen kasko, ba mai ba ruwa, wuta kaɗan-kaɗan. Ki baza su kar su hau kan juna, ki tsaya a wajen kina juyawa da cokalin katako, ba lokacin ɗaga waya bane wannan don tsakanin ta yi da ta ƙone ko minti ɗaya babu. Kashu da yankakken almon minti 4 zuwa 6 sun isa, riɗi minti 2 ko 3 za ki ji ya fara tsalle yana ƙara, ɗanyar gyaɗa kuma ta fi su cin lokaci, takan kai minti 12 zuwa 15. Yadda za ki gane ta yi, ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki murza da yatsa, ɓawon zai saɓule da kan shi, ki raba ta biyu ki duba cikin, in ya tashi daga fari ya koma ruwan zuma-zuma to sauke. Kuma kina saukewa ki juye a faranti mai sanyi, kar ki bar ta a kaskon da sunan ta huce, kaskon yana da sauran zafi zai ci gaba da gasa ta har ta yi ƙauri. Da zafin ta za ki ji kamar da ɗan laushi, kar ki mayar, sai ta huce take yin ƙarau. In obin ɗin ki ya yarda, digiri 170 na minti 8 zuwa 10 ya ishi kashu da almon da walnot, sai ki juya su sau ɗaya a tsakiya.

Walnot tana da ɗan bauri a fatar ta, in kin gasa sai ki zuba a tsumma ki murje da zafin ta, yawancin fatar zai fita, yara sun fi cin ta a haka.

Bayan ta huce ki jajjaga a turmi sama-sama, kar ki daka ta zama gari, so ake haƙori ya same ta. Ita ma a ƙarshe ake barbaɗawa tare da ganyen. Gwada wannan gobe, farar shinkafa da kika saba dafawa, kina saukewa ki zuba mata cokali ɗaya na bota ko man zaitun, yankakken fasili cikin hannu guda, gasasshen almon ko kashu rabin kofi, ki matse rabin lemon tsami, gishiri kaɗan, ki juya da cokali mai yatsu. Ko dankalin turawa ki dafa da gishiri, ki tsane, da zafin shi ki yaryaɗa mai da lemon tsami don a lokacin yake shan su, in ya sha iska ki sa na'a-na'a da ganyen albasa da gyaɗa. Kifi ko kazar da kika gasa ma haka. Ni a ganina duk wanda ya saba da wannan da kan shi zai rage dunƙule ba tare da an ce masa ya rage ba.

Abu ɗaya da nake ganin mutane suna yi, sai su ɗan tsinka ganye uku su ɗora a sama don ado. Ki zuba da yawa ƴata, cikin hannu, ɗanyen ganye ba shi da ƙarfin busasshe, cokali ɗaya na busasshe sai kin sa cokali uku na ɗanye kafin ya kamo shi.

Abu_Sadiq:

Hajiya ta gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai tunda ƴar uwa ta ce lokaci ne matsalar ta, zan ba ta abu ɗaya da nake ganin ya fi komai sauƙi, wato haɗin da mutanen Italiya suke kira festo. Asalin shi daga birnin Jenowa ne, kuma ba a ɗora shi a wuta kwata-kwata. Su suna yin nasu da ɗoɗɗoyar su mai faɗin ganye, da ƙwayar itacen fayin, tafarnuwa, gishiri, busasshen cuku da man zaitun, a kirɓa a turmin dutse. Mutane da yawa sai su ce ai ba su da ƙwayar fayin don haka ba za su yi ba, alhali ko a Italiyar ma ba kowa ke sa ta ba, mutanen Tarafani a tsibirin Sisili almon suke sawa su ƙara ɗanyen tumatir. To kashu yana yi, walnot tana yi, gyaɗa ma tana yi sosai, ita dai ta fi su ƙarfin ɗanɗano sai a ɗan rage.

Awon da nake bi, ganye kofi 2 a danna shi, gasasshiyar gyaɗa ko kashu kashi ɗaya cikin uku na kofi, tafarnuwa ƙwaya 1 ko 2, mai rabin kofi, gogaggen cuku rabin kofi, gishiri. A turmi ana fara daka tafarnuwa da gishiri su yi laushi, sai gyaɗar, sai ganyen kaɗan-kaɗan, mai ya zo a ƙarshe ana zubawa ana juyawa. Kafin taliya ta dahu kin gama. Sai dai ga inda ake kuskure, kar a juye shi a tukunya a kan wuta. Ki ɗebi ludayi ɗaya na ruwan da taliyar ta dahu a ciki kafin ki tace, ki zuba haɗin a kwano, ki sa ruwan nan kaɗan ki dama, sannan ki juye taliyar a kai ki gauraya. Ruwan yana da sitaci, shi yake sa man ya haɗe ya kama jikin taliya maimakon ya kwanta a ƙasan kwano.

Kuma in kika duba, ƙasashe da yawa suna da irin wannan dabarar ta dakan gyaɗa da wani abu mai ƙamshi. A Sifaniya, yankin Taragona, masunta suna da romesko, almon ko hazelnot (ita ma wata ƙwaya ce irin su almon) da gasasshen tumatir da jan tattasai da tafarnuwa da ɗan burodi, su ci da kifi. A Halab ta Siriya akwai muhammara, walnot da gasasshen jan tattasai da garin burodi da ruwan rumman da aka dafa ya yi kauri. A Indiya suna niƙa na'a-na'a da koriyanda da ɗanyen barkono da lemon tsami, wasu su ƙara gyaɗa don ya yi jiki. A Tailan da Biyetnam kuwa dakakkiyar gyaɗa da ɗanyen ganye a kan taliyar shinkafa abin yau da kullum ne. Wanda na fi so a cikin su duka shi ne dukka ta mutanen Masar, don ita busasshiya ce bata lalacewa da wuri. Ana gasa hazelnot ko gyaɗa, riɗi, ƙwayar koriyanda da kamun (wata ƴar ƙwayar kayan ƙamshi da Turawa ke kira cumin), kowanne daban saboda ba lokaci ɗaya suke yi ba, a daka sama-sama da gishiri a zuba a kwalba. Su burodi suke tsomawa a man zaitun sannan su dangwala a ciki, ni kuma har a kan dafaffen ƙwai da salak da gasasshen kabewa nake barbaɗawa.

Game da wane ganye da wace gyaɗa, babu wata doka, amma a bakina dai gyaɗa ta fi shiri da koriyanda da na'a-na'a da ɗan yaji, almon da fasili da lemon tsami, walnot da fasili da tafarnuwa, kashu da ɗoɗɗoya saboda shi yana da zaƙi-zaƙi baya danne ta. Garɗin da Hajiya ta ce gashi yana fitarwa kuwa, wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ya yi bayanin shi tun 1912, sukari da furotin ɗin da ke cikin abu ne suke haɗuwa in sun ji zafi su ba da launin nan da ƙamshi, irin wanda ake ji a ɓawon burodi. A cikin ruwa abin baya faruwa yadda ya kamata saboda zafin ruwa baya wuce digiri 100, shi ya sa kashun da aka jefa a miya ɗanye har ya dahu ba zai yi garɗi ba.

Maman_Iman:

Kai masha Allah, Hajiya nagode sosai Allah ya saka da alheri, Malam Abu Sadiq kai ma nagode. Yanzu na gane inda ƙamshin yake tafiya. Amma Malam shi wannan haɗin a blanda zai yi? Don wata ƙawata ta ce in aka niƙa ɗoɗɗoya a blanda baƙi take yi ta yi ɗaci. Sannan in babu cuku fa, maigidan baya cin shi ko kaɗan. Har yanzu kuma ina jiran maganar adanawa dan Allah.

Ummu_Hanan:

Maman Iman blanda tana yi mana, ni da ita nake yi kullum, masu turmi su yi haƙuri ba kowa ke da ƙarfin hannu bayan ya dawo aiki ba. Ƙawar ki bata yi ƙarya ba amma akwai dalili. Ganye in aka farfasa shi iska ta shiga, akwai wani sinadari a cikin shi da yake mayar da shi baƙi, irin yadda yankakken tuffa yake canza launi, zafi kuma yana ƙara hanzarta abin, ita kuwa blanda in kika bar ta tana ta gudu wuƙar ta ɗumi take yi. To ki riƙa danna ta kina saki, danna saki, kar ta yi gudu mai tsawo. Ki fara niƙa gyaɗar da tafarnuwa, ganyen ya shiga a ƙarshe tare da rabin man, ragowar man ki juya shi da cokali bayan kin juye, don man zaitun mai kyau in ya sha bugu sosai a blanda shi ma yakan yi ɗan ɗaci.

In kuma so kike ya kwana da koren shi shar, ki tafasa ruwa ki jefa ganyen ki ƙirga goma, ki kwashe da sauri ki tsoma a ruwan ƙanƙara, ki matse sannan ki niƙa. Wannan ɗan zafin yana kashe sinadarin da ke sa baƙin. Gaskiya yana ɗan rage ƙamshi, don haka ni in a take za a ci bana yi, sai in zan ajiye. Lemon tsami ma kar ki sa shi a wanda za ki ajiye, tsami yana dusashe koren ganye in suka daɗe tare, ki bari sai za a ci ki matsa.

Adanawa kuma kowanne da halin shi. Ɗoɗɗoya bata son sanyi sam, ƙasa da digiri 10 take fara baƙi, firji kuwa wajen digiri 4 yake, kin ga dalilin da yasa taki take lalacewa. Ita ki ɗan yanke ƙasan karan ki tsaya da ita a kofi mai ruwa kaɗan, ki ajiye a kicin inda rana bata dukan ta kai tsaye, kina canza ruwan, wani lokaci har saiwa za ki ga ta fitar ki dasa a tukunyar fulawa. Na'a-na'a ma tana yin saiwa a ruwa, amma in za ki dasa ki ba ta tukunyar ta ita kaɗai don yaɗuwa take ta cinye wajen kowa. Fasili da koriyanda su suna son firji, ki cire robar da aka ɗaure su da ita, ki tsince duk wanda ya fara rawaya, ko dai ki tsaya da su a kofin ruwa ki kifa leda a sama sakwa-sakwa, ko ki naɗe su a tishu mai ɗan danshi ki sa a roba mai murfi. Abin da ke ruɓar da su ruwan da yake kwanciya a jikin ganyen ne, in kin wanke sai sun bushe sarai kafin su shiga.

In kin ga sun yi miki yawa ba za ki cinye ba, yanka su ki cusa a robar yin ƙanƙara, ki cika kowane gida da mai, ki sa a firiza. In sun daskare ki ɓalle ki zuba a leda. Ba za su yi kyan barbaɗawa a sama ba amma kina sauke miya ko shinkafa ki jefa ɗaya ya narke, ƙamshin yana nan. Festo ɗin ma haka nake masa.

Su kuma gyaɗa mai ne ya yi musu yawa, a giram 100 na walnot kusan giram 65 mai ne, almon da gyaɗa wajen 50, kashu wajen 44, shi kuwa mai in ya sha iska da zafi da haske maƙaƙi yake yi. Walnot ta fi saurin lalacewa. Ki sa su a kwalba mai murfi gam, wanda za ki yi amfani da shi kwanan nan a kabad mai duhu, sauran a firiza, suna yin watanni lafiya lau kuma ba sai kin jira sun saki ba, daga firiza sai kasko. Ki sayi guda-guda ba niƙaƙƙe ba, kuma ki riƙa gasa daidai na mako, kafin ki zuba a abinci ki ɗanɗana ɗaya, in ta yi miki maƙaƙi a maƙogwaro kar ki sa, ƙwaya kaɗan sai su ɓata tukunya guda.

Nas_Rabi:

Sannun ku da ƙoƙari, na ƙaru sosai. Tunda Maman Iman ta ambaci yara bari in sa baki ta ɓangaren lafiya, don abin yana da muhimmanci a wajena.

Yaron da bai kai shekara 5 ba kar a ba shi gyaɗa ko kashu guda-guda, ko manyan ɓari, saboda shaƙewa, ƙwayar daidai take da hanyar numfashin shi kuma bai iya taunawa sosai ba. Nasu a niƙa ya yi laushi a gauraya a abinci. Sannan akwai masu alajin gyaɗa ko na su kashu da walnot, kuma ba wasa bane, wani ɗan kaɗan zai ci leɓe da fuska su kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ya yi amai, in ya yi tsanani numfashi ya toshe. In aka ga numfashi ya fara wahala ko murya ta canza asibiti za a nufa a take, ba a jira a ga ko zai lafa. Shi ya sa in kin yi baƙi kuma kin niƙa gyaɗa a cikin haɗi inda ba a ganin ta, ki faɗa musu kafin su ci. Wannan ba yana nufin a hana jarirai gaba ɗaya ba, wani babban bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2015 ya nuna jariran da aka fara ba su abinci mai gyaɗa da wuri sun fi tsira daga alajin nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka hana. Amma jaririn da yake da ƙyasbin fata mai tsanani ko alajin ƙwai, a fara ganin likita tukunna.

Na biyu, hunhuna. Akwai wata guba da ake kira afulatoksin da wani nau'in hunhuna yake samarwa a jikin gyaɗa da masara da su fistashiyo in an adana su da danshi a waje mai zafi. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da garin gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Tana lalata hanta kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin hanta. Abin da nake so a sani shi ne gashi ko tafasawa irin ta gida basa kawar da ita, don haka kafin ki gasa ki baza a tire ki tsince duk ƙwayar da ta motse, ta yi baƙi ko kore-kore, ko ƙwaro ya huda, ki zubar, kar a ce ai wuta za ta kashe.

Sai kuma haɗin da yake da ɗanyar tafarnuwa da ganye a cikin mai, kar a bar shi a waje a kan teburin kicin ya kwana. Akwai ƙwayar cuta da take son wajen da babu iska irin cikin mai, kuma gubar ta ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ba. A firji kwana 3 zuwa 4, abin da ya wuce haka firiza kamar yadda Ummu Hanan ta ce. Ganyen da za a ci ɗanye kuma a wanke shi da ruwa mai tsafta a babban kwano, a tsamo shi sama a bar ƙasar ta kwanta, a canza ruwa har sai an ga ƙasan kwanon fes.

Ban da wannan abinci ne mai kyau ƙwarai, cikin hannu ɗaya wajen giram 30 a rana ya isa babba.

Hajiya_Uwargida:

Allah ya yi miki albarka Nas Rabi, wannan tsintar da kika ce ita ce aikin farko. Ƴata maganar cuku kar ta dame ki, abin da yake kawowa gishiri ne da kauri da ɗan tsami. Ki cire shi, ki ƙara kashu ya kai rabin kofi, ki ɗan ƙara gishiri, lokacin ci ki matsa lemon tsami, maigida ba zai ce komai ba sai ƙari.

Kuma kashun nan da kika ce yana miki laushi a tukunya, akwai inda laushin ake nema. Ki jiƙa rabin kofi a ruwan zafi minti 20 zuwa 30, ki niƙa da ɗan ruwa ya yi sumul kamar madara mai kauri, haka masu girkin Indiya suke ɗaure miyar kaza. Ki soya albasa da tafarnuwa da citta, ki sa kazar ta ɗan yi ja, ki zuba ruwa ta dahu, minti biyar kafin saukewa ki zuba niƙaƙƙen kashun ki rage wuta kina juyawa don yana kamu a gindin tukunya. Kin kashe wuta sai koriyanda da wani gasasshen kashun a sama.

Ranar da gajiya ta yi yawa kuma ƙwai za ki fasa. Mutanen Iran suna da wata wainar ƙwai da ganyen ya fi ƙwan yawa, ƙwai 5 ko 6, yankakken fasili da koriyanda da ganyen albasa wajen kofi 3, jajjagaggiyar walnot, gishiri da ɗan kurkum, a zuba a kasko mai ɗan mai, a rufe, wuta can ƙasa wajen minti 10 har saman ya daina rawa, a juya ɗaya gefen ya ɗan yi. Nan ganyen yana shan wuta amma saboda yawan shi da kuma ƙwan da ya rufe shi ɗanɗanon baya ɓacewa, har da sanyin ta ana ci da burodi da yogot.

Abu_Sadiq:

Ƙarin bayani kaɗan ƴar uwa, in kika ga wani a gidan ya ce koriyanda ɗanɗanon sabulu take masa kar ki ɗauka iyayi ne, akwai mutanen da haka halittar hancin su take, masu bincike sun danganta abin da wata ƙwayar gado mai suna OR6A2 a 2012. Irin wannan ki canza masa da fasili ki ƙara na'a-na'a kaɗan, ko ki yanka ganyen a ƙaramin kwano daban ki ajiye a tsakiya tare da gyaɗar kowa ya ɗiba ya barbaɗa da kan shi, yara ma sun fi ci in su suka zuba da hannun su.